Kaduna Ta Jiya: Jiniyar Kakuri, Kantin Kingsway Da Ƙwallon 'Yan Masaƙa

 A wannan mako ba girki za mu yi ba, ba kuma zancen renon yara ba. Hirar Kaduna za mu yi, watau Kadunar da muka buɗe ido muka gani, wadda galibinta yanzu sai dai a ji sunayenta a bakin kwandastan mota.

Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, kwanan baya na kira jikata, kishiyar tawa, 'yar aji 3 a sakandare, domin ta taya ni fid da kayan akwati mu shanya kafin damina ta kankama. Tana cikin tono sai ta zaro wani turmin atamfa daga can ƙasa, wanda ko almakashi bai taɓa hawa ba. Ta juya shi ciki da bai, ta ga zanen bai bambanta ba, sa'an nan ta karanta rubutun da ke bakinsa.

Ta ce, "Hajiya, wai nan an rubuta a Nijeriya aka yi. Ashe dā ma ana yin atamfa a ƙasar nan?"

Na ce, "Ke dai ja can, kishiya. Ba ma a Nijeriya kawai ba, a Kakuri aka yi ta."

Sai yarinyar nan ta tuntsure da dariya, tana tsammanin irin wasan da muka saba ne. Ban ga laifinta ba. Kakurin da ta sani ita ce wadda mota ke ratsawa da ita ta ga dogayen katangu da tsatsattsun ƙofofi, ciyawa ta fi mutum tsawo. Ni kuwa dariyar nan ta tsaya mini a rai har dare.

To, ku matso ku ji. Masaƙa ta farko a Kakuri ita ce Kaduna Textiles, wadda kowa ke kira KTL. Gwamnatin Jihar Arewa ce a zamanin Sardauna ta kafa ta tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead, ta kuma fara aiki a 1957. Akoko ta fi saƙawa da farko. Dalilin kafa ta ba ɓoyayye ba ne: ga auduga ana nomawa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi da Gusau, ga jirgin ƙasa, ga ruwan kogin Kaduna, don me za a riƙa kwasar audugarmu zuwa Ingila a saƙo a dawo a sayar mana? Daga nan wasu suka biyo baya. Nortex ta zo, UNTL ta zo a 1964 da masu jari daga Hong Kong, Arewa Textiles kuma ta zo da mutanen Japan. Kafin a jima Kakuri da Makera da Nasarawa sun cika da ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya yi aiki, a sashen kaɗi. Mu 'ya'yan gidan ba mu san agogo ba sai jiniya. Aiki kashi uku ne, na safe da na rana da na dare, domin injuna ba sa barci. In jiniya ta yi kuka sai ka ga titi ya cika maƙil da kekuna, masu shiga na shiga, masu fita na fita, ƙararrawar Raleigh kamar ana biki. Baba yakan dawo da farin ɓurɓushin auduga a gashin kansa da girarsa, mu yi ta tsokanarsa wai ya tsufa a dare ɗaya.

Amma abin da ba a cika faɗa ba idan maza suna ba da wannan tarihi shi ne rabon mata a ciki. Kowace ƙofar masaƙa kasuwa ce ta mata. Mai koko da ƙosai tana nan tun asuba, mai waina, mai tuwo da miyar kuka, mai sakwara, mai dafa-duka. Waɗanda ba sa fita, irin Innarmu, suna daga cikin gida suna soyawa, yara na kaiwa. Kuma bashi ake ci, ba a jin tsoro, domin kowa ya san ƙarshen wata albashi zai fito. Inna ba ta yi boko ba, amma tana da wani bango a kicin inda take jan layi da gawayi, kowane ma'aikaci da nasa gurbi, ba ta taɓa ɓatan lissafin ko kwabo ba. Da ribar wainar nan take zubin adashi, da adashin nan ta tara mana kwalla da langa da tasoshi, mu mata huɗu. In wata ya ƙare kuwa, je ki Kasuwar Monday ki ga ikon Allah, ko wurin sa ƙafa babu.

Gidan da muke haya ɗaki goma sha ne, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Akwai Tibi, akwai Yarabawa, akwai Ibo, akwai mutanen kudancin Zariya, akwai mu. Duk da Hausa ake faɗa, da Hausa ake shiryawa. Ranar Salla Inna ta cika kwanoni a rarraba ɗaki ɗaki, ranar Kirsimeti kwanonin su dawo da shinkafa. Ba na cewa ba a saɓawa, ai zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma rigimar layin famfo kaɗai ta isa littafi. Sai dai maigidan kowace a cikinmu injin ɗaya yake tsaye a kai da maigidan 'yar uwarta, ƙungiyarsu ta ƙwadago ɗaya. Af, ko kun san Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga 1999, ya kuma zama gwamnan Edo a 2008, a Arewa Textiles ya fara aiki? Nan Kakuri ya koyi tsayawa gaban jama'a.

Mu tsallaka gada mu shiga gari. A kan titin Ahmadu Bello manyan kantuna suke, su Kingsway da Leventis, ga kuma UTC da Chellarams da Bata a cikin garin. Ku 'yan makaranta da kuka saba da manyan kantunan zamani ba za ku gane abin da shiga Kingsway yake nufi ga 'yar Kakuri ba. Sai an yi wanka an shafa mai an sa kayan Salla. Da kin tura ƙofa sanyi ya buge ki, ga ƙamshin burodi da sabulu, ga kaya jere kowanne da kuɗinsa a manne. Ba tayi, ba albarka. Wannan shi ya fi ɗaure wa Inna kai. Ta ce ita ba ta ga amfanin cinikin da ba za a ce maka "rage mini" ba, ai wannan ba ciniki ba ne, umurni ne. Sau ɗaya ta shiga, ba ta ƙara ba, ta koma Babbar Kasuwa inda ake sanin darajar bakinta.

Gaskiya ita ce, mu talakawa kallo ya fi kai mu. Sayayyarmu ta shekara ba ta wuce takalmin makaranta na Bata, Cortina mai ruwan ƙasa, wanda ake saya da ɗan girma domin ƙafa ta tarar da shi, in ya matse kuma ƙanwa ta gada. Sai shekarar Udoji, watau 1975, da aka yi ƙarin albashi har da bashin watannin baya. A shekarar nan ne Baba ya shigo da keken ɗinki a kan amalanke, maƙwabta suka fito ana guɗa kamar an kawo amarya. A wannan shekara kuma kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, ita ce Fijo 504 da ta zama motar gwamnati da ta 'yan tasha baki ɗaya. Yau Kingsway ta zama labari, wurin da ake kira Leventis kuwa sunan ne ya rage wa wurin.

Yanzu bari in zo kan ƙwallo, kada wata ta ce ina ruwan filin mata da tamaula. Da ruwanmu mana! Wa ke wanke rigunan? Wa ke jiƙa wa maigida kanwa da citta idan ya dawo murya ta dushe? Wa ke gane an ci su tun daga yadda ya jingine keke a zaure?

A wancan zamani kusan kowane babban kamfani yana da kulob nasa. Ɗan wasa ma'aikaci ne, sunansa na cikin takardar albashi, da safe ya leƙa wurin aiki, da yamma ya tafi fili. In ƙafa ta gaji, aikinsa na nan yana jiransa. Haka ake yi a ko'ina: Bendel Insurance a Binin, Leventis United a Badun, BCC Lions na kamfanin siminti a Gboko. A Kaduna muna da kulob na UNTL, muna kuma da DIC Bees na ma'aikatar ƙera makamai ta soja da ke Kakuri, wanda daga baya ya koma hannun Alhaji Muktar Aruwa aka sa masa suna Ranchers Bees. Saboda haka idan an ce UNTL na wasa, ba baƙi ake zuwa kallo ba. Ɗan ɗakin can ne, ƙanen wance ne, mai cin bashin wainar Inna ne.

Babban filin kuwa shi ne na Ahmadu Bello, wanda aka gina tun Sardauna na da rai, nan kusa da gada. Matan aure ba su cika zuwa ba, sai dai rediyo. Inna takan ajiye shi a kan turmi tana tankaɗe, ba ta san ko mutum nawa ke cikin fili ba, amma da mai sharhi ya ɗaga murya sai ta tsaya da rariya a hannu ta ce, "Mu ne ko su ne?" Mu 'yan makaranta mun fi su sa'a. A 1977 aka yi wasannin ƙasa a Kaduna, aka jera mu da fararen safa aka kai mu kallo. Ranar ce na fara ganin mace tana gudu a gaban dubban mutane ana tafa mata, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Da muka koma makaranta kowace yarinya ta ce ita 'yar tsere ce. Ni dai iyakata gudun ƙwai a cokali, shi ma na uku na zo, amma har yau ina da kofin roba da aka ba ni.

A watan Afrilu na 1978 aka yi abin da tsofaffin Kaduna ba su gama ba da labarinsa ba har gobe. Pele, sarkin ƙwallon duniya, ya zo Kaduna. A lokacin ya riga ya yi ritaya tun 1977, amma ya sa rigar kulob ɗin Fluminense na Birazil ya buga rabin wasa da Raccah Rovers ta Kano, wadda ita ce ta ci gasar ƙasa a shekarar. Baƙin suka ci 2 da 1. Baba da Yayanmu tun hantsi suka tafi. Yaya ya dawo ba takalmi ƙafa ɗaya, ya ɓace a turmutsitsin ƙofa, Inna tana faɗa shi kuwa ko a jikinsa, sai cewa yake, "Inna, da idona na gan shi!" Raccah Rovers ɗin ma yanzu babu ita. Mutanen Kano da ke karanta wannan fili, na san kun fi ni jin zafin wannan.

Daga kulob ɗin UNTL ne wani dogon yaro haifaffen Kaduna ya fito a farkon shekarun 1980, kafin Shooting Stars ta Badun ta ɗauke shi. Sunansa Rashidi Yekini. Shi ne gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993, ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37, ya rasu a 2012. Ranchers Bees kuma ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1988, wani kulob na Tunisiya ya doke ta da ƙyar, sa'an nan a 1989 ta ɗauko kofin Afirka ta Yamma. A cikin 'yan wasanta akwai wani matashi, Daniel Amokachi, wanda in yana Hausa ba ki ce ba Bazazzagi ba ne.

Ga abin da nake so 'yan makaranta su riƙe. A 1994, ran da Nijeriya ta fara buga gasar cin kofin duniya a Amurka, ta ci Bulgeriya 3 da nema. Ƙwallo ta farko Yekini ne ya ci, ya shige raga ya riƙe ta yana kuka. Ta biyu Amokachi ne. Watau ƙwallaye biyu na farko da ƙasar nan ta taɓa ci a gasar duniya, 'ya'yan Kaduna ne suka ci su, ɗaya ɗan kulob ɗin masaƙa, ɗaya ɗan Ranchers. Cikin dare aka yi wasan, ina da goyo a lokacin, ihun unguwa ne ya tashe mu ni da jaririn. Bayan shekara 2, a wasannin Olamfik na Atlanta, da aka ci Ajantina 3 da 2 aka ɗauko zinariya, Celestine Babayaro da Amokachi suna cikin waɗanda suka ci, ga Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawagar, duk haifaffun garin nan. Ba daga sama suka faɗo ba. Sun tashi ne a garin da kowace unguwa ke da fili, kowane kamfani ke sayen riga da ƙwallo. Ranchers Bees tana nan da sunanta, amma ba ta koma matsayinta na dā ba. Kulob ɗin masaƙa kuwa ya bi masaƙa.

Na kusa mantawa da Otal ɗin Durbar, wanda aka gina domin babban hawan daba na bikin FESTAC a 1977, lokacin da sarakuna suka taru a Kaduna da dawaki da raƙuma. Ban taɓa kwana a ciki ba, wa zai kai ni? Amma duk amaryar da aka ce an yi liyafarta a Durbar, sai a yi wata guda ana zancen. Ya daɗe a rufe yana lalacewa, a watan Janairu na 2020 aka rushe shi.

To, me ya kashe masaƙun? Ba dare ɗaya abin ya faru ba, kuma ba abu ɗaya ba ne. A 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da sinadarin rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada. A wannan lokaci aka rushe hukumar cinikin auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tabbataccen farashi, da yawa suka koma masara. Wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi wuya. Sa'an nan ga atamfar Sin tana kwararowa ta kan iyaka, ta hanyar kwastan da ta ɓarauniyar hanya, an kwaikwayi zanenmu sak, kuɗinta kuwa bai kai na tamu ba. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, UNTL ta tsaya a 2007 dubban ma'aikata suka koma gida. An sāke buɗe wani sashe nata a 2010, amma jiniyar ba ta dawo da muryarta ta dā ba.

A nan zan faɗi wata magana ko da ba za ta yi daɗi ba. Mu mata muna da hannu. Mu ne masu zuwa kasuwa, mu ne masu haɗa lefe, mu ne masu fid da anko. Da aka kawo mana mai araha, muka rungume ta, muka ce ai biki ɗaya za a yi da ita. Tun kafin nan ma, wace ce a cikinmu ba ta taɓa taɓe baki ba idan an buɗe akwatin amarya aka ga ta gida ta fi Holan yawa? Ni kaina na yi. Amma kuma ba zan ɗora wa uwar 'ya'ya shida laifi ba don ta sayi abin da kuɗinta ya kai, ga Salla ta matso. Wanda ya kasa ba masaƙa wuta, ya kasa tsare iyaka, shi ne babban mai laifi.

Wahalar kuwa a kan mata ta fi sauka. Baba ya riga ya bar aiki kafin rufewar, amma mijin yayata yana ciki. Ya je aiki wata safiya ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Shekara da shekaru yana zuwa taro, yana sa hannu a takardu, ana cewa kuɗin sallama na nan tafe, har Allah ya karɓi ransa bai ga ko sisi ba. Yayata ta sayar da keken ɗinkinta, ta sayar da kwallayen da Inna ta tara mata, ta cire babbar 'yarta daga aji 5 na sakandare domin ƙannenta maza su ci gaba. Yarinyar nan ita ce mai ɗaukar na ɗaya a ajinsu, burinta aikin jinya. Irin yayata suna da yawa a Kakuri da Makera, wasu na wankau, wasu na tallan ruwa, kuma ba a lissafa su a cikin ma'aikatan da suka rasa aiki, domin sunansu bai taɓa shiga takardar albashi ba. Haka mai ƙosan bakin ƙofa, da mai gidan haya, da tela.

Gidanmu na haya ma ya watse. Bayan rikicin 2000 da na 2002 jama'a suka rarrabu, waɗansu suka tsallako arewacin kogi, waɗansu suka koma kudu, kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Mu muka dawo Tudun Wada. Wata 'yar Tibi da muka yi wasan gaɗa tare, muka yi gudun ƙwai tare, sai bara na gamu da ita a layin asibiti. Muryarta na gane kafin fuskarta. Muka rungume juna muna kuka, ma'aikatan jinya suna kallonmu. Abin da ta fara tambayata shi ne, wai har yanzu akwai mai yin waina irin ta Inna?

Duk wannan na zauna na ba kishiyar tawa labari, atamfar na kan cinyarta. Cikin lefena ta zo, shekara 40 ke nan da 'yan kai, launinta ko gezau. Da na gama sai ta yi shiru, can ta ce, "Hajiya, ki ba ni mana in ɗinka da Salla."

Na ce ba ta isa ba, sai ran da ta kawo mini takardar gama sakandare. Ta ce to ta ji, amma a bar mata ita ta zaɓi tela, domin telana ɗinkin tsofaffi yake yi. Muka nannaɗe ta da ƙanumfari a ciki, muka mayar ƙasan akwati.